Yadda mai babur ɗin doguwar tafiya zai sauya kan babur da hannunsa

Wanda ya saba yin awa huɗu ko biyar a kan babur ya san gajiyar da ke farawa daga tsintsiyar hannu, ta hau kafaɗa, ta sauka a gadon baya. Da yawa suna ɗora laifin a kan hanya ko a kan shekaru, alhali sau da dama laifin na kan babur ne, wato ƙarfen nan da ake riƙewa ana tuƙi, wanda a Nijar da Kamaru da Chadi da Benin aka fi sani da gidon, daga kalmar Faransanci guidon. Kamfani yana ƙera shi ne da awon matsakaicin mutum, kuma ba kowa ne matsakaici ba. Wani kuma faɗuwa ya yi, kan ya lanƙwashe, ya ci gaba da tafiya da shi a karkace.

Sauya kan babur aiki ne da mai babur zai iya yi a ƙofar gidansa cikin rabin yini, matuƙar sabon kan bai yi nisa da tsohon ba a tsawo da faɗi. Sai dai birki na gaba da totur da kuloci da makunnan wuta duk a jikinsa suke. Noti ɗaya da bai ɗauru ba, ko waya ɗaya da ta ɗame, na iya jefa mutum cikin rami a tsakanin Marwa da Garwa, inda babu garejin da zai kai ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, yankin Afirka ne ke kan gaba. Saboda haka aikin yana son natsuwa fiye da ƙarfi.

Wane irin babur ake nufi

Baburan doguwar tafiya iri biyu ne. Akwai manya masu nauyi da aka yi domin kwalta, irin su Honda Gold Wing da ta fara fitowa a 1975, da Electra Glide da Road King na kamfanin Harley-Davidson na Amurka. Akwai kuma masu dogayen ƙafafu da ke bin kwalta da burji da rairayi, irin su Honda Transalp da Africa Twin da Yamaha Ténéré. Wannan ta ƙarshe sunan hamadar Tenere ta Nijar ta ci. Kamfanin Yamaha ya fito da XT600Z Ténéré a 1983, bayan da Cyril Neveu ya lashe tseren Paris-Dakar na farko a 1979 a kan Yamaha XT500.

Irin waɗannan baburan galibi na hannu ne ke shigowa yankin, ta tashoshin ruwa na Kwatano da Lome da Duwala da Tema, kuma sau da yawa babu littafin kamfani a tare da su, babu kuma dillalin da ke sayar da kayansu a kusa. A gefe guda, yawancin masu doguwar tafiya a tsakanin garuruwan kan iyaka ƙananan babura suke hawa, irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue. Tsarin aikin ɗaya ne a kan dukkansu: ƙarfe ɗaya mai kama da bututu, an matse shi a tsakiya da noti huɗu. Bambancin yana ga yawan wayoyi da irin birki.

Akwai waɗanda ba su shiga wannan lissafi ba. Gold Wing ta zamani da BMW RT ba su da bututu guda, hannu biyu ne daban-daban da aka ɗaure kowanne a mazauninsa. Tun 2006 kuma wasu samfuran Gold Wing suna da jakar iska mai fashewa lokacin karo. Irin wannan babur sai wanda ya san shi ya taɓa gabansa.

A tabbatar kan ne ya lanƙwashe

Bayan faɗuwa, idan aka ga tayar gaba na kallon hanya amma kan yana kallon gefe, ba lallai ne kan ya lanƙwashe ba. Sau da yawa ƙafafun gaba ne suka murɗe a cikin farantan da ke riƙe da su, ko kuma mazaunin kan, wanda a wasu babura yake zaune a kan roba, ya juya. Maganin wannan shi ne a sassauta notocin da ke matse ƙafafun a faranti na ƙasa da na gindin taya, a danna gaban babur sau da dama ya koma daidai, a sake ɗaurewa. Ba a sassauta na sama da na ƙasa a lokaci guda alhali nauyin babur yana kan tayar, domin ƙafafun za su zame.

Hanyar gane lanƙwasa ita ce awo. A miƙe tayar gaba, a auna daga bakin kan na dama zuwa murfin tanki, a auna na hagu, sannan a auna tsayin kowane baki daga ƙasa. Idan an cire kan, a kwantar da shi a kan siminti mai laushi, duk ɓangaren da ya ɗaga zai nuna kansa.

Abin da aka saba gani a gareji shi ne a zura dogon bututu a miƙar da kan, wani lokaci har a gasa shi da wutar walda. Baƙin ƙarfe yana iya jure ƙaramar miƙarwa sau ɗaya, amma wurin ya riga ya yi rauni. Alminiyam kuwa ba ya yafiya. Idan aka miƙar da shi yana tsagewa ta yadda ido ba ya gani, wata rana ya karye gaba ɗaya a lokacin da aka matsa birki ko aka faɗa rami. Kan alminiyam da ya lanƙwashe sai dai a sauya shi. Haka ma duk kan da aka ga tsaga ko tsatsa mai zurfi a kusa da maɗaurinsa.

Awo kafin saye

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne sayen kan da bai dace da maɗauri ba. Kauri huɗu ne suka fi yawa a kasuwa. Milimita 22 shi ne na yawancin baburan Japan da Indiya da Sin. Milimita 25.4, wato inci ɗaya, shi ne na Harley-Davidson da masu kama da ita. Milimita 28.6 na alminiyam ne mai kauri a tsakiya, yana sirancewa zuwa 22 a wurin riƙo, irin wanda ke kan Ténéré 700 da ta fito a 2019. Sai milimita 31.8, wanda ake gani a wasu manyan baburan.

Wanda ba shi da ma'aunin kauri, zare ya ishe shi. A naɗa zare sau ɗaya a jikin ƙarfen, a auna tsawonsa da rula. Kimanin santimita 7 na nufin kauri 22, santimita 8 na nufin 25.4, santimita 9 na nufin 28.6, santimita 10 kuma 31.8. A auna wuri biyu, kusa da maɗauri da kuma wurin riƙo, domin ba koyaushe suke zama ɗaya ba. Ba a cike giɓi da gwangwani ko roba idan kan ya yi wa maɗauri sirara. Wannan dabara tana riƙewa a tsaye, amma tana sakewa a ranar birkin gaggawa.

Bayan kauri sai siffa. Abu huɗu ake dubawa: faɗi daga baki zuwa baki, tsayi daga maɗauri zuwa wurin riƙo, yadda bakunan suka komo baya wajen mai tuƙi, da faɗin miƙaƙƙen wurin da ke tsakiya inda maɗauri ke kamawa. Kai mai faɗi yana ba da ƙarfin juya taya a rairayi da burji, amma yana buɗe ƙirji ga iska, yana kuma hana kutsawa a cunkoson kasuwa. Wanda ya yi tsayi da yawa yana sa hannu ya mutu, musamman idan ya wuce kafaɗa, shi ya sa wasu jihohin Amurka suka ƙayyade tsayinsa a doka. Wanda ya komo baya da yawa kan iya bugun tanki ko gwiwa idan aka karya kwana har ƙarshe.

Akwai gwaji mai sauƙi. A kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, mai shi ya zauna yadda yake zama a hanya, baya a miƙe, ya rufe ido, ya miƙa hannuwa inda suka fi samun daɗi, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Wani ya auna tazarar da ke tsakanin tafin hannun da mariƙin yanzu: nawa zuwa sama, nawa zuwa baya. Wannan tazara ita ce abin da za a nema. A duba tsintsiyar hannu kuma, ya kamata ta zauna a miƙe da damtse. Idan ta karye sama ko gefe, jijiyoyin da ke ratsa ta zuwa yatsu suna matsuwa, daga nan ne mutuwar yatsu ke farawa a doguwar hanya.

Sau da yawa awon zai nuna cewa ba a ma buƙatar sabon kai. Juya tsohon kaɗan zuwa gaba ko baya a cikin maɗaurinsa yana sauya zama sosai. Akwai kuma 'yan ƙarafan ɗagawa da ake sakawa a ƙarƙashin maɗauri, masu tsayin milimita 20 zuwa 30, waɗanda galibi ba sa buƙatar sauya waya.

Wayoyi da tiyo su ne iyaka

Kamfani ba ya barin rarar waya mai yawa. Abin da makanikai suka saba gani shi ne, idan aka ɗaga kan fiye da kimanin santimita 5, wani abu zai gaza kaiwa: wayar totur, wayar kuloci, tiyon birki, ko wayoyin wuta. Ana gane wannan tun kafin a kashe ko sisi. A kwance tsohon kan, a ɗaga shi zuwa inda sabon zai zauna, wani ya juya tayar dama da hagu har ƙarshe, a ga abin da ya fara ɗamewa. Wani lokaci sake bi da waya ta bayan farantin sama maimakon gabansa yana ba da rarar da ake so. Idan bai isa ba, a auna tsawon da ake buƙata da igiya, a bi da ita ta hanyar da wayar za ta bi, a sayi doguwa. Ba a ƙulla wayar totur ko ta kuloci, ba a kuma haɗa tiyon birki biyu da bandeji.

Birkin gaba iri biyu ne. Mai waya, irin na ƙananan babura da yawa, ba shi da wahala. Mai faranti yana aiki da mai, kuma sauya tiyonsa na nufin zuƙe tsohon mai, a zuba sabo, a fitar da iska. Irin man da ake zubawa yana rubuce a murfin tukunyar. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne. DOT 5 kuwa na silikon ne, wanda tsofaffin Harley-Davidson suka yi amfani da shi, kuma ba a gauraya shi da sauran. Man birki yana cin fenti, yana kuma shan danshi daga iska, don haka ba a amfani da kwalbar da ta daɗe a buɗe. 'Yan washa biyu na jan ƙarfe da ke gefen notin tiyo sau ɗaya ake matse su, dole a sa sababbi. Idan babur ɗin yana da ABS, iska na iya shiga na'urar da ke tsakiya, wadda a wasu samfura sai da kwamfutar gareji ake iya fitar da ita. Wanda aikinsa ya kai nan, gara ya bar ɓangaren birki ga ƙwararre.

Totur ma iri biyu ne. Na gargajiya yana da waya ɗaya ko biyu, ɗaya ta ja, ɗaya ta mayar. Na zamani ba shi da wayar ƙarfe, na'ura ce ke karanta juyin hannu ta aika wa kwamfutar inji. A manyan baburan tafiya na Harley-Davidson daga 2008, wannan na'ura a cikin bakin kan na dama take zaune, a cikin wasu 'yan tsage da aka yanka domin ta. Kan da ba shi da tsagen ba zai karɓe ta ba, kuma wayarta siririya ce da ke bi ta cikin bututu, ja ɗaya na ganganci ya isa ya tsinke ta.

Kayan aiki

Ana buƙatar sufanu daga lamba 8 zuwa 17, makullan alan masu kusurwa shida, sukurudireba mai baki daidai da kan sukurori, filaya, injin huda da baki na milimita 4 zuwa 5, magagari, tef, alƙalamin maka, igiya ko robobin ɗaure waya, da tsohon bargo. Baburan Amurka da awon inci suke aiki, wasu na Turai kuma da makulli mai kama da tauraro, kuma sufanar da ba ta zauna daidai ba tana cinye kan noti. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sufana mai awon ƙarfin ɗauri. Wanda ba shi da ita ya ara a garejin mota, ko ya kammala aikin ya tura babur ɗin can a yi masa ɗaurin ƙarshe.

A yi aikin da rana, a inuwa, a wuri mai shimfiɗa inda ƙaramin sukuru ba zai ɓace a cikin ƙasa ba. Kada a fara shi a daren da za a yi sammakon tafiya.

Kwancewa

Da farko a ɗauki hotuna da wayar salula ta kowane gefe: inda kowace waya ta bi, wadda ke gaba, wadda ke baya, da yadda hannun birki da na kuloci suka karkata. Bayan awa biyu ba wanda ke tuna waɗannan. Sannan a cire wayar batir ta baƙi, wato mai alamar ragewa, ita ake fara cirewa kuma ita ake mayarwa a ƙarshe. A rufe tanki da bargo. Idan akwai gilashin kare iska ko rufin roba da ya tare hanya, a cire shi, a zuba sukurorinsa a kwano daban.

Duk abin da ke jikin kan a sassauta shi tun kan yana ɗaure, domin a lokacin ne yake da ƙarfin riƙewa. A fara da madubai. A baburan Yamaha da yawa madubin dama zarensa a juye yake, ana kwance shi ta ɓangaren da aka saba ɗaurewa, kuma mutane da yawa sun karya shi saboda rashin sanin haka. Sai nauyin da ke bakin kan, idan akwai. Wannan ƙarfe ba ado ba ne, shi ke rage girgizar da ke kashe hannu, don haka a tabbatar sabon kan yana da wurin karɓarsa.

Robar hannun hagu manne take. A zura siririn sukurudireba a ƙarƙashinta a hankali, a ɗiga ruwan sabulu ko sifirit, a murɗa ta fita. Iskar famfon masu faci ma tana fitar da ita nan take. Ba a sa mai ko giris, domin robar ba za ta sake kamawa ba. Robar dama a bar ta a kan bututun totur.

A buɗe akwatunan makunnai, a lura da tsawon sukurori, domin sau da yawa na gaba da na baya ba ɗaya ba ne. A kwance hannun kuloci. Tukunyar man birki, wadda makanikai ke kira masta, a kwance ta ba tare da an buɗe tiyo ba, a naɗe ta da tsumma, a ɗaure ta a tsaye a jikin babur. Ba a barin ta tana lilo a kan tiyonta, ba a kife ta, ba a kuma matsa hannun birki tana karkace, domin iska za ta shiga. A kan Harley-Davidson ana cusa ɗan kwali mai kaurin kimanin milimita 4 tsakanin hannun birki da mazauninsa kafin a kwance, don kada a karya makunnin fitilar birki.

Daga nan sai notoci huɗu na maɗauri. A sa alama a murfin don a san gabansa. Mutum ɗaya ya riƙe kan, ɗaya ya kwance, domin da zarar ya saki, kan yana faɗowa a kan tanki. Bututun totur ba ya fita sai an kwance kan an ja shi zuwa hagu, saboda wayoyinsa ba su da tsawon da za su kai bakin.

Ɗaurawa

A ɗora sabon kan a kan tsohon a kwatanta. A jikin tsohon za a ga 'yan ramuka a kusa da wurin riƙo. Kowane akwatin makunnai yana da ɗan tsini a cikinsa da ke shiga wannan rami, shi ke hana akwatin juyawa. Yawancin kan da ake sayarwa ba su da ramukan. Wasu makanikai kan goge tsinin su naɗa tef a maimakonsa. A hagu ana iya tsira da hakan. A dama kuwa, inda wayar totur ke maƙale a akwatin, juyawarsa na iya jan totur ba da niyya ba. Hudawa ce daidai, amma ba yanzu ba, sai an gama gwada zama.

A fara zura bututun totur a bakin dama, sannan a ɗora kan a mazauninsa. A daidaita tsakiya da awo daga kowane baki, ko da zanen da ke jikin ƙarfen. A mayar da murfi, a ɗaura notoci da hannu kawai. A ɗora sauran kayan ba tare da an matse ba, mai babur ya hau ya gwada, a juya kan gaba ko baya har a sami inda ya dace. A karya shi dama da hagu har ƙarshe, a tabbatar babban yatsa yana da wurin wucewa tsakanin makunni da tanki, kuma babu abin da ke taɓa gilashi. Wanda ke tuƙi a tsaye a burji ya gwada tsayuwar ma. Idan kan ya yi faɗi, ana yanke shi daidai wa daida a kowane gefe, santimita ɗaya a lokaci guda, bayan an tabbatar miƙaƙƙen wurin da ya rage zai ɗauki roba da makunni da hannun birki.

Idan zama ya yi, a sa alamar inda tsini ke taɓawa, a naɗa tef, a buga ɗan gurbi da ƙusa don kada bakin injin ya zame, a huda gefe ɗaya kawai na bututun, a goge bakin ramin da magagari. Rami ɗaya ya isa. Ramuka da yawa a jere raunana ƙarfe suke yi.

Ɗaurin maɗauri yana da ƙa'ida biyu, kuma murfin ne ke nuna wadda za a bi. A baburan Japan da yawa akwai ɗigo ko kibiya a murfin, tana kallon gaba. A irin wannan ana fara matse notocin gaba har murfin ya zauna, sannan na baya, giɓi ya rage a baya. Wanda ba shi da alama, ana matse shi a gicciye, kaɗan-kaɗan, giɓin gaba da na baya su zama ɗaya. Ga noti mai kaurin milimita 8, ƙarfin ɗauri yawanci yana tsakanin nitan-mita 20 zuwa 25, amma adadin da ke littafin babur ɗin shi ne abin bi, kuma ana samun littattafan samfura da yawa a intanet, da Faransanci ko Ingilishi. Ɗaurin da ya wuce kima yana cinye zaren alminiyam ko ya tsaga murfi, wanda bai kai ba kuma yana barin kan ya kife gaba a lokacin birki.

Maɗaurin masta yana da rubutu ko kibiya mai nuna sama. A fara matse notin sama, sannan na ƙasa. Hannun birki da na kuloci a karkata su ta yadda yatsu za su sauka a kansu ba tare da tsintsiya ta karye ba. A bar tazara tsakanin masta da akwatin makunnai, don kada hannun birki ya tokare kafin ya gama matsuwa. Sukurorin makunnai cikin roba suke shiga, ɗauri kaɗan ya ishe su.

Bututun totur yana son wuri mai tsabta. A goge ƙarfen, a bar 'yar tazara tsakanin robar da nauyin baki, don kada su goga. Robar hagu a shafa mata gam na roba ko sifirit, a tura ta, a bar ta ta bushe kafin a hau. A mayar da wayoyi ta hanyar da hotuna suka nuna, ba lanƙwasa mai kaifi, ba kuma a matse wayar totur ko ta kuloci da robar ɗauri har ta kasa motsi.

Gwaji kafin hanya

Kafin a tayar da inji, a murɗa totur a sake shi. Dole ya koma da kansa da ƙara, ko tayar na miƙe, ko an karya ta dama, ko hagu. Ya kasance yana da ɗan wasa kafin ya fara ja, wanda a baburan Honda da yawa milimita 2 zuwa 6 ne a gefen robar. Hannun kuloci mai waya shi ma yana son wasa, kimanin milimita 10 zuwa 20 a bakinsa. Idan babu wasan, kuloci zai riƙa zamewa har ya ƙone. A matsa birkin gaba, ya yi tauri kamar da. Idan ya yi laushi ko yana nitsewa har ya taɓa roba, iska ta shiga, kuma babur ɗin ba ya motsawa sai an fitar da ita.

A mayar da batir, a gwada fitila babba da ƙarama, sigina, oda, fitilar birki, makunnin kashe inji da na tayarwa. Sannan a tayar da inji a bar shi a silo, giya a firi, a juya kan daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali. Idan ƙarar inji ta ɗaga ko kaɗan, wayar totur ta ɗame. Wannan ne gwajin da ba a tsallakewa, domin babur da ke ƙara wuta da kansa a tsakiyar kwana shi ne ke jefa mutum gaban tirela.

Tunda an riga an buɗe gaban babur, yana da kyau a duba boris na wuya. A ɗaga tayar gaba, a juya kan. Idan yana maƙalewa a tsakiya, ko ana jin ƙwas idan aka ja ƙafafun gaba da baya, boris ɗin na buƙatar gyara, kuma sabon kai ba zai ɓoye wannan ba.

A ƙarshe a tsaya a gaban babur, a matse tayar tsakanin gwiwoyi, a danna kan da ƙarfi sama da ƙasa. Bai kamata ya motsa a cikin maɗauri ba. Gwajin farko a yi shi a fili ko layin da babu mutane, da hular kwano, ba fasinja, ba kaya: tafiya a hankali, kwana mai siffar takwas, birki mai ƙarfi sau uku ko huɗu. Sabon faɗi yana sauya yadda babur ke shiga kwana, hannu na buƙatar kwana biyu ya saba.

Bayan tafiyar farko ta kilomita 50 zuwa 100, a sake bin duk notocin da sufana, a duba ko wata waya ta fara gogar ƙarfe, a shafa yatsa a gindin tiyon birki a ga ko yana tsatsafo. Tsohon kan, idan lafiyarsa ƙalau, a ajiye shi tare da tsofaffin wayoyin. Wayar kuloci ta da, ko da ta ɗan gaza tsawo, ta cancanci wuri a jakar kayan aiki, domin a hanyar Njamena zuwa Abeche ko Paraku zuwa Malanbil ba kowane ƙauye ne ke da irinta ba.